Girki a Lokacin Gyaran Gida: Tambayoyi da Amsoshi kan Kicin na Wucin Gadi

Bara waccan aka fasa kicin ɗinmu don a ƙara masa faɗi, a canza rufi, a sa tayil. Magini ya ce mako 3 zai gama. Sai da na yi mako 11 ina girki a ƙarƙashin rumfar kwano a bayan ɗaki, kuma mu tara ne a gidan. Tun daga nan, duk wadda za a taɓa wa gida a dangi ko a unguwa sai ta zo neman shawara, kuma tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Su na tattara a nan tare da amsoshinsu.

1. Dole ne sai an haɗa wani kicin? Ba za mu iya lallaɓawa da sayen abinci ba?

In aikin na kwana biyu ne ko uku, kamar fenti kawai ko gyaran famfo, lallaɓawa ta isa. Amma in har za a fasa bango, a ɗaga rufi ko a kwashe daɓe, to 'yar'uwa ki haɗa wurin girki na gaske. Abincin saye yana cin aljihu a daidai lokacin da siminti da bulo ke cinsa, kuma ba ya maye gurbin kunun jariri, ruwan zafin wanka da asuba, ko abincin tsoho mai hawan jini da aka hana gishiri. Gidan maƙwabta kuma, ko da kuna zaman mutunci, kwana uku na farko ne daɗi. Bayan nan ke da kanki za ki fara jin nauyin sallama da tukunya a hannu.

2. Yaushe zan fara shiri, kuma na tsawon wane lokaci?

Ki gama haɗa wurin, ki yi girki a ciki sau ɗaya ko biyu, kafin a ɗaga guduma. Wannan gwajin ne zai nuna miki cewa iska na kashe wuta daga gabas, ko kin manta wuƙa da ashana a cikin kwalin da aka riga aka ɗaure. Ni ban yi haka ba. Ranar da leburori suka iso da sassafe, tukunyar koko na kan wuta, haka muka riƙa jidar kaya ana watso ƙasa a kanmu.

Game da tsawon lokaci, duk abin da magini ya faɗa ki ninka shi biyu a ranki. Ba lallai ƙarya yake yi ba. Aikin kicin hannu da yawa ne: birkila, mai famfo, mai wayarin, mai tayil, kafinta, mai fenti, kuma kowa sai na gabansa ya gama. Ɗaya ya tafi wani aikin, sauran sun tsaya. Ga kuɗi da kan yanke a tsakiya, ga siminti da ke da nasa lokacin bushewa da babu mai iya gaggauta shi, kamar yadda na yi bayani a amsa ta 15. Wadda ta shirya wa mako 3 za ta jingina kwano da dutse ta ce ai na ɗan lokaci ne. Wadda ta shirya wa wata 3 za ta sa a kafa ginshiƙi.

3. A wane ɓangare na gida ya fi dacewa?

Abu huɗu za ki duba: iska, nisa daga wurin aiki, kusanci da ruwa, da hanyar da masu aiki ke bi. Wuri mafi kyau shi ne buɗaɗɗen lungu a tsakar gida ko baranda mai fuska ɗaya a buɗe, wanda baro ba ya ratsawa ta gabansa. Ki tsaya da safe da yamma ki ga inda iska ke kaɗa ƙura, ki zauna ta inda iskar ke fitowa, ba inda take zuwa ba. Kada ki kafa murhu kusa da masai ko bakin kwata, kada kuma a ƙarƙashin tagar ɗakin kwana.

Gareji yana da daɗin rufi da ƙofa, amma sai an fitar da babur, janareta da duk wata jarkar fetur, kuma ƙofar ta kasance a buɗe muddin wuta na ci. Zaure ban cika ba da shawararsa ba, don nan ne mashigar kowa da komai.

4. Da me za a yi rumfar?

Da kwano, in da hali. Tsohon kwanon da aka cire daga kicin ɗin ma ya isa, ki gaya wa maigida tun wuri kada a sayar ko a kyautar. Katako huɗu, kwano falle uku ko huɗu, a karkata shi yadda ruwa zai gangara baya. Tamfol da leda na narkewa da zafi, zana kuwa tartsatsi ɗaya ya ishe ta, don haka su tsaya a matsayin kariya a gefe, nesa da wuta, ba a saman murhu ba.

Lokacin shekara ma na da nasa hukunci. Da damina, musamman Yuli da Agusta, feshin ruwa ne abokin faɗa, da iskar da ke gabatar hadari wadda kan ɗaga kwanon da ba a kafe da ƙusa ba. A ɗaga ƙasan wurin da jerin bulo ko a zuba ɓaraguzai a daddaɓe, don kada ki tsaya cikin taɓo kina tuƙa tuwo. Da hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙurar sama ta haɗu da ta siminti, ga shi komai ya bushe yana jiran wuta. Da bazara kuwa, zafin Afrilu a ƙarƙashin kwano ba abin wasa ba ne, a ɗaga rumfar sama sosai, ki kuma mayar da babban girki safe da yamma.

5. Wane kaya zan fito da shi, wane zan ɗaure?

Ki fito da abin da hannunki ke taɓawa kullum: tukwane uku, babba da matsakaiciya da ta miya, kaskon suya, muciya, ludayi, mara, wuƙa biyu, matankaɗi, turmin jajjage, buta, fulas, kula biyu. Kowa a gidan kwano ɗaya, kofi ɗaya, cokali ɗaya. Da farko za ki ga kamar tsanani ne, amma ranar da ruwa ya yi wuya za ki gode.

Kayan fashi da na ado, da manyan tukwanen biki, a naɗe su a tsofaffin zannuwa a sa a kwali, a rubuta abin da ke ciki a gefen kwalin ba a samansa ba, don in an jera su rubutun sama ɓacewa yake. Teburi ɗaya mai ƙarfi ya zama kantarki. In babu, tsohuwar ƙofa a kan bulo shida ta yi aikin.

6. Gas, gawayi, risho, itace ko lantarki?

Ki riƙe biyu, kada ki dogara da ɗaya. Ni gas na riƙe don shayi, miya da ɗumame, kurfoti kuma don wake, nama da tuwo, abubuwan da ke shan wuta. Ƙaramar silinda mai kilo 6 da kan girki a samanta tana da sauƙin ɗauka, amma babbar tukunya ba ta zama daram a kanta, don haka ga iyali mai yawa mai kilo 12.5 da tiyo da risho na teburi ta fi. Itace ya fi arha a wasu wurare, sai dai hayaƙinsa zai baƙanta sabuwar filasta tun kafin a yi fenti.

Lantarki kuma ki yi hattara da jone-jone. Soket na gida amp 13 yake ɗauka, wato kusan wat 3,000. Butar lantarki kaɗai na jan kusan wat 2,000, risho na lantarki 1,000 zuwa 1,500. In kika haɗa su a kan siririyar wayar jona wuta guda, wayar za ta yi zafi har ta narke. A sa mai wayarin ya ja miki soket ɗaya mai waya mai kauri, a kafe shi sama inda ruwa ba ya kaiwa. Kuma kada ki raba layi da mai walda ko mai yankan tayil.

7. In ruwa ya tsuge ko sanyi ya yi yawa, zan iya shiga ɗaki da kurfoti?

A'a. Wannan amsar ce na fi so ki riƙe ko da kin manta sauran. Gawayi in yana ci yana fitar da wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi, ba ta sa tari. Mutane na ɗauka cewa in gawayi ya ruru ya yi ja, hayaƙi ya ɗauke, to hatsari ya wuce, alhali a lokacin ma iskar na ci gaba da fita. Tana shiga jini ta kama gurbin iskar da jiki ke rayuwa da ita. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala da jin barci, abubuwan da mace za ta ce gajiyar aiki ce ta ɗan kishingiɗa. Wanda ya yi barci a ciki ba lallai ya farka ba, kuma jarirai, masu juna biyu da tsofaffi ta fi saurin kayarwa.

Duk hunturu ana jin labarin gidan da aka kwana da garwashi a ɗaki, ko aka kunna janareta a cikin gida, aka wayi gari da makoki. Lokacin gyara hatsarin ya fi yawa, don a lokacin ne ake toshe tagogi da leda saboda ƙura, a kuma matsar da janareta daga mazauninsa zuwa baranda. Janareta waje yake zama, nesa da taga da ƙofa. Kurfoti ma waje, har bayan an sauke tukunya.

In ruwa ya hana ki girki, a sha shayi da burodi, a jiƙa garin kwaki, a jira ya ɗauke. Dalilin da ya sa na matsa kan rumfar kwano a amsa ta 4 ke nan. In kuwa kika ga mutum biyu ko uku a wuri ɗaya suna kukan ciwon kai lokaci guda, a fita da kowa sarari nan take, a buɗe ƙofofi, a tafi asibiti ko da sun ce sun ji sauƙi.

8. Yaya zan kiyaye silindar gas a irin wannan wuri?

Ta tsaya a tsaye, a inuwa, a kan ƙasa mai daidai, nesa da kurfoti da inda ake walda. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya zuba ƙasa yake kwanciya ya taru a rami ko kwata, don haka kada a ajiye ta a bakin ramin da aka haƙa. Duk lokacin da aka matsar da ita ko aka yi ɗuri, ki shafa ruwan sabulu mai kumfa a bakin silindar da duk mahaɗar tiyo. In kumfa na tasowa, yana zuba. Ba a gwaji da ashana. Tiyo kuma kada ya ratsa hanya, don tayar baro ɗaya ta isa ta tsaga shi. Kin gama girki, ki kashe daga jikin silindar.

In kika ji warin gas, kada ki kunna ko ki kashe makunnin lantarki, ki rufe silindar, a bar iska ta ratsa. In mai ya kama da wuta a kasko, kada ki watsa ruwa, tashi zai yi ya biyo ki. Ki kashe wutar ƙasa ki kife murfi a kai. Ki sa a cika miki bokiti ɗaya da yashin magina ya zauna gefen murhu, tunda yashi dai ga shi nan tuli a ƙofar gida. Lambar gaggawa a Najeriya 112 ce.

9. Ƙura ta addabe ni, har a miya nake jin ƙasa. Me zan yi?

Ƙura a tushenta ake tare ta. A rataye leda mai kauri a ƙofar wurin aikin, a riƙa yayyafa ruwa kafin fasa bango da kafin shara, mai tayil kuma ya yi yankansa a waje ko ya jiƙa. Ki nemi shugaban aikin ya riƙa gaya miki ranar fasa da ranar yanka, a ranar ki gama girki tun kafin su fara, ki zuba a kula. Duk tukunya da murfi, duk kwano a kife, a kuma ɗauraye kafin a zuba abinci. Shanya kuɓewa, barkono ko tsaki a tsakar gida a dakatar da ita har a gama.

Ba maganar ɗanɗano kaɗai ba ce. Ƙurar siminti na cin fata da ido, tana tayar da asma. Tsohon silin asbestos, irin farin allon da ke gidaje da yawa da aka gina shekarun baya, in aka farfasa shi yana sakin zaruruwa da ido ba ya gani, waɗanda ke maƙalewa a huhu su haifar da cuta bayan shekaru masu yawa. A jiƙa shi, a cire shi falle-falle ba tare da fasawa ba, a fitar da yara daga gidan a ranar. Tsohon fentin mai kuma yana iya ƙunsar dalma. Mun ga abin da ƙurar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda kimanin yara 400 suka rasu saboda ana niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje, inda ake girki yara na wasa. Kankare fenti bai kai wannan ba, amma hanyar ɗaya ce: ƙura ta sauka ƙasa, yaro ya dafa, ya kai hannu baki.

10. An yanke famfo. Yaya zan yi da ruwa da wanke-wanke?

Ki raba ruwanki da na magina tun ranar farko. In duro ɗaya kuke ɗiba, za a tsoma bokitin kwaɓa a ciki, ba don mugunta ba, don sauri. Ki samu naki mai murfi da moɗarsa, randar sha kuma ta koma ɗaki. In 'yan garuwa ke kawo muku, a ƙara musu jarkoki a lissafin aikin, kada ban-ruwan bulo ya cinye na tuwo.

Wanke-wanke baho biyu, na sabulu da na ɗauraya, da kwando a kan bulo don tsanewa. Ki kwashe sauran abinci kafin ki tsoma kwano, ki tace ruwan kafin ki zubar a kwata. Kada ki bar shi ya kwanta gefen rumfa, sauro da ƙuda za su tare, kuma da damina lokacin amai da gudawa ne. Ki roƙi masu aiki kada su wanke cebur da kwanon siminti a magudanarki, don yana daskarewa ya toshe ta.

11. Firij fa, da abincin da ya rage?

Firij ya koma falo ko ɗaki, ba rumfa ba. A ɗauke shi a tsaye, a bar shi ya huta wasu awanni kafin a kunna. Masu wayarin za su riƙa kashe wutar gidan, ga ɗaukewar da aka saba, don haka ki san cewa firij a rufe yana riƙe sanyi kamar awa 4, firiza cikakkiya kusan awa 48, mai rabi awa 24. Makonni biyu kafin aiki ki fara cinye abin da ke ciki, kada ki yi sabon sari.

Dafaffen abinci kada ya wuce awa 2 a ajiye babu wuta babu sanyi, balle da bazara. Miyar da za ta kwana a tafasa ta da dare, a sake tafasa ta sosai da safe, ba ɗumamawa sama-sama ba. Nama a soya shi ya bushe.

12. Tunda aka fara fasa gini ɓeraye da kyankyasai suka fito. Daga ina?

Da ma suna nan, gidansu aka rusa. Buhu a ƙasa gayyata ce, don haka shinkafa, gari, wake da gero su shiga bokitai masu murfi, a ɗora a kan katako, a shigar da su ɗaki da dare. Ɓera ba ɓarna kaɗai yake yi ba, fitsari da kashin wani nau'insa ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, kuma ya fi tashi da rani. Abin da kika ga ɓera ya taɓa, ki zubar. Tarko ya fi guba a inda ake girki, yara da kaji na yawo.

13. Yara fa? Ba ni da ƙofar da zan rufe.

A tsohon kicin ƙofa ce ke yi miki rabin tsaro, yanzu babu ita. Ki kewaye murhu da bulo jeri biyu ko benci a kwance, hannun kasko ya kalli bango, ruwan zafi kada ya sauka ƙasa ko na minti ɗaya. Kananzir, tina (ruwan sirka fenti) da fetur kada a zuba su a gorar lemo ko ta ruwa, yaro sha zai yi. Duro da ramin da magina suka tara ruwa a rufe su, mai rarrafe na iya nutsewa a ruwan da bai kai gwiwa ba. Kada ki yi suya da goyo a gaba. In ƙuna ta faru, a zuba ruwa mai sanyi na tsawon minti 20, ba manja ba, ba man goge baki ba, sannan a tafi asibiti. Ranakun fasa da na ambata a amsa ta 9, gidan kaka ya fi musu.

14. Maza na shige da fice, ni kuma ina tsakar gida. Yaya za a yi? Kuma ni zan ciyar da su?

Wannan maganar maigida ce da shugaban aiki, kuma kafin a fara ake yin ta. Malam, ka tsayar musu da ƙofar shiga ɗaya, da lokacin zuwa da na tashi, da sallama kafin a ratsa. Ka sa a kafa labule ko falle biyu na kwano tsakanin rumfa da wurin aiki, don iyalinka su yi aikinsu a sake, ba a wuni cikin hijabi a gaban wuta ba, wanda shi kansa hatsari ne in yana lilo kusa da murhu.

Ciyarwa kuma a fayyace: ko kuɗin abinci na cikin jinga, ko gida zai bayar. Ruwan sha da ɗan abin da aka samu alheri ne da ba a hana ma'aikaci. Amma a ɗora wa mace tukunyar mutum shida a kan kurfoti ɗaya kullum, ba tare da an tambaye ta ba ko an ƙara cefane, wannan ba daidai ba ne. In gidan na mata biyu ne ko na haya mai ɗakuna, a zauna a raba lokacin murhu tun wuri, mai ranar girki ta riga. Masu tukunya ɗaya irin su dafa-duka, fate, garau-garau da ɗanwake su za su ɗauke ki a irin wannan zama, markaɗen kayan miya kuma a kai inji sau ɗaya a tafasa wanda zai isa kwana biyu.

15. An ce an gama. Yaushe zan koma?

Kada ɗoki ya ja ki. Kankare sai ya kwana 28 yake kai kusan cikakken ƙarfinsa, kuma makon farko ban-ruwa yake so, don haka in an zuba kantar siminti kada ki ɗora mata buhu ko turmi da wuri. Tayil a ba shi aƙalla kwana ɗaya zuwa biyu kafin a taka, fiye da haka kafin a ja firiza a kai. Filasta in ba ta bushe ba aka yi fenti, zai kumbura ya ɓare, da damina kuwa bushewar na ɗaukar makonni. Fentin mai a bar tagogi a buɗe har warin ya fita, don gari da man gyaɗa na ɗaukar wari.

Kafin a biya cikon kuɗi, ki shiga da kanki. Ki buɗe famfo ki leƙa ƙarƙashi ko yana ɗiga, ki zuba bokitin ruwa a ƙasa ki ga ko ya nufi magudana ko ya kwanta a lungu, ki gwada kowane soket, ki yi gwajin kumfa na amsa ta 8. Rumfar kuma kada a rushe ta sai kin yi mako guda kina girki a sabon wurin. Tamu ma ba mu rushe ba, a nan nake dafa wake da ganda har yau, kuma a nan aka yi suyar naman layya bara.